Abin da Ke Motsi a Haguna

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Likita ce ta ce in riƙa rubutu kullum. Ta ce in ja jan layi a gefen hagu na takarda, kuma kada in fara sabon layi sai na lalubo shi. In ba haka ba daga tsakiyar shafi nake farawa, in bar rabin takarda fari ban sani ba. To ga jan layi, ga ni. Ni da na ƙare rayuwata ina ja wa katako layi, yau ni ake ja wa.

Ba zan rubuta komai game da ranar da na yanke jiki na faɗi ba. Kowa a gidan nan ya ba da labarin har ya gaji, kowa da irin nasa, ni da abin ya faɗa wa ba wanda ya tambaye ni. Abin da ya rage shi ne wannan: idanuna biyu lafiyarsu ƙalau, amma duk abin da ke haguna ya tafi. Masu zuwa dubiya suna zaton duhu nake gani a wajen, kamar an rufe rabin taga. Ba duhu ba ne. Babu ne kawai, yadda mutum ba ya ganin ƙeyarsa kuma bai taɓa cewa akwai duhu a can ba.

Gobe zan koma shago. Uwar yara ta yi kukanta, ɗana ya yi dogon jawabinsa. Na bari suka gama, na ce a goge mini takalmi.

Talata, 4 ga wata, da yamma

Na koma. Tun daga bakin titi ƙamshin garin katako ya tarbe ni, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ta shaƙa.

Dogo ya taso daga bencinsa hannu biyu a buɗe. "Gajere! Ashe mutuwa ma ta auna ka ta ga ba ka kai ba!" Na ce ai shi ta zo ɗauka, ta koma neman tsani. Muka yi dariya har ya riƙe ciki. Wajen maigida ɗaya muka koyi aikin kafinta ni da shi, tare muka buɗe shagon nan, kuma aiki ya rabu da kansa ba tare da an zauna ba: shi haɗi da ƙusa da gam da fenti, ni awo da yanka. Injin yanka katako nawa ne tun ranar da aka sauke shi daga mota. Bencin Dogo yana damata, don haka har yanzu ina ganinsa sarai, shi da hularsa mai tabon fenti.

Ɗana ya tsaya a haguna, ya ce daga yau shi ne idona na wannan ɓangaren. A hannuna ya koyi aiki, a hannun Dogo ya koyi surutu. Tun da nasa ɗan ya rasu Dogo ya riƙe nawa kamar shi ya haife shi. Yanzu ya zama magidanci, shi ke magana da masu kawo aiki.

Na yanka katako kaɗan don in ji hannuna. Ana cikin yi sai ya ƙwala ihu ya kashe injin, wai yatsuna sun matsa kusa da haƙoran zarto. Na ce ya kunna mini injina kuma kada ya ƙara. Allah ya yi masa albarka, amma tsoron nan na uwarsa ya kwaso shi duka.

Alhamis, 6 ga wata, da rana

Muna da babban aiki a hannu, tebura da kujeru na wata makaranta. Ni na auna ƙafafun tebur, ni na ɗaure ƙarfen awo, wato sandar da ke gefen hagu na inji wadda katako ke jingina da ita don ya fita daidai. Na yanka tuli guda. Da aka zo haɗawa, duk sun gaza da kaurin yatsa. Da tsawo suka yi da an rage, amma waɗannan sai dai a kai murhu.

Dogo ya ɗauki ɗaya ya ɗora tef, ya sake ɗorawa. Da a da ne, da ya ce Gajere ya yanko 'yan uwansa, a yi dariya a wuce wajen. Bai ce ba. Ya ɗago kai ya kalli wani wuri ta saman kafaɗata ta hagu, kamar ba na wurin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye katakon a hankali. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Juma'a, 7 ga wata, da safe

Ban taɓa yanka katako ya gaza ba. Ko ina ɗan koyo ban taɓa ba.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Yau ma. Amma yau na ji.

Na ɗaure ƙarfen, na sunkuya ina bin layin fensir a jikin katako, sai wani abu ya gitta a haguna, can ƙasa, daidai inda ƙarfen yake. Ban ga hannu ba, ban ga launi ba, ban ga komai da zan iya kira da suna ba. Amma abu ya motsa. Na juya da sauri. Ɗana na tsaye inda yake tsayawa kullum, hannu a aljihu. Dogo kuma yana wucewa da guduma zuwa bencinsa. Me ya kai shi hagun injina? Na ce wa kaina ƙila ido ne ke yi mini wasa, na kunna na yanka. Sun gaza.

A gida aka zaunar da ni kamar mai laifi. Uwar yara ta ce, "Maigida, don girman Allah ya isa haka. Yau katako ne, gobe fa?" Ɗana yana kallon ƙasa ya ce, "Baba, ka dawo bakin ƙofa ka riƙa karɓar mutane, ai kai suka sani. Baba Dogo sai ya hau injin."

Baba Dogo sai ya hau injin.

Na ce musu an taɓa mini ƙarfe, na ga motsi. Uwar yara ta dube ni da tausayin nan da na tsana. "Ta ina ka gani, Maigida? Ai wajen ba ka gani."

Lahadi, 9 ga wata, da safe

Shekara da shekaru mutum na zaune a damanka yana jin ƙarar inji, kai kana zaton ya gamsu da gudumarsa. Yanzu abubuwa suke ta dawo mini. Ranar da aka kawo injin, yadda Dogo ya yi ta shafa shi. Yadda yake cewa cikin wasa ai yanka ba wani abu ba ne, turawa ce kawai. Lokacin da nake kwance a asibiti wa ya hau? Shi. Ya ɗanɗana ke nan, ya ji daɗi.

Ya san inda ba na gani, ya bi ta can. Mutumin da muka ci kwano ɗaya da shi tun ba mu da gemu. Zuciyata tafasa take yi, amma ba zan yi hayaniya ba. Zan jira shi, kuma a gaban mutane zan rama, yadda ya sa na zama abin tausayi a gaban iyalina.

Talata, 11 ga wata, bayan na dawo daga asibiti

Ɗana ya kai ni, na ce ya jira a mota. Likitar yarinya ce, ba za ta girme shi ba, amma tana sauraron mutum, abin da ya yi ƙaranci a gidana. Ta sa na ɗora haɓa a gaban wani babban farin kwano, ina kallon tsakiya, ina danna wani abu a hannuna duk sanda ɗigon haske ya fito. Na dama na kama su duka. Na hagu ko ɗaya, in ji ta.

Sai na faɗa mata abin da na ji ranar Asabar, ina jiran ta yi mini kallon uwar yara. Ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, kalli hancina, kada ka kau da ido." Ta fara da ɓangaren da ke lafiya. Ta zago da wani abu daga bayan kunnena na dama a hankali. Na ce ga abu nan yana motsi. Ta ce wane launi ne? Na buɗe baki na rasa. Sai da ya matso kusa da tsakiya na ce kore ne, murfin biro ne.

Ta ce, "Ka gani? Haka kowa yake, ba kai kaɗai ba. Ido ba gani iri ɗaya yake yi ko'ina ba. Tsakiya ita ke da launi da ƙananan abubuwa, rubutu, fuskar mutum, layin fensirinka. Gefe kuwa bai damu da mene ne ba, shi dai motsi. Kuma saƙon ba hanya ɗaya yake bi a cikin ƙwaƙwalwa ba. Akwai hanyar da ke cewa mene ne wannan, akwai wadda ke cewa ina yake, ina ya nufa. Inda jini ya toshe maka a bayan kai, nan ne babbar tashar da duk abin da ke hagunka yake sauka. Amma akwai 'yar ƙaramar hanya da ke kewaye tashar, kuma a wasu mutanen ba ta mutuwa."

Ta koma haguna. Ta ce ta ɗaga hannu, na ce ban ga komai ba. Ta ce yanzu fa? Na ce akwai! Ashe yatsu take kaɗawa. Ta ce in faɗi sama ya yi ko ƙasa, na ce ban sani ba, ta ce in canka kawai. Na yi ta canka, ta yi ta gyaɗa kai. Yawanci daidai.

Wallahi sai da na ji hawaye. Ba taɓin hankali gare ni ba, an taɓa mini ƙarfe.

Ta ƙara da cewa, "Amma Baba, ka ji ni da kyau. Wannan hanyar motsi kawai take kawowa. Ba ta kawo fuska, ba ta kawo suna. Kuma ba za ta tsare maka yatsu a kan inji ba." Na ce to. Wannan ɓangaren maganar ina jin a haguna ta faɗe shi. Fuska ai na riga na san ta.

A mota ɗana ya ce me ta ce? Na ce ta ce in ci gaba da shan magani. Ba wanda zan faɗa wa. Bakin yaron nan da kunnen Dogo ba nisa.

Alhamis, 13 ga wata, da la'asar

Na rataye wata tsohuwar ƙwallo da zare a ƙofar ɗaki. Sai in tsaya tana haguna, in tura ta, in kafe ido a kan ƙusar bango, in kai cafka. Da farko iska na yi ta kamawa. Yau na fara samunta. In tana gudu na fi jin ta, in ta lafa sai ta ɓace gaba ɗaya. In tana ƙasa wajen ƙugu hannuna ya fi samunta a kan in tana sama wajen kunne. Abin mamaki, in na tsaya tunani sai in kuskure. Hannun ya fi ni sani.

Uwar yara ta leƙo ta ce, "Madalla, motsa jikin da likita ta ce ne?" Na ce shi ne.

A titi ma na gwada da damata mai lafiya. In na kafe ido a kan falwaya, babur na fitowa daga gefe zan san ya fito, amma ja ne ko baƙi sai na juya. Rubutun allon shaguna kuwa a gefen ido cakuɗewa yake yi, haruffa su hau kan juna. Ashe duk duniya haka take yawo, kowa na zaton yana ganin komai.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

Na daina shan shayi da Dogo. Na cire mabuɗin injin na sa a aljihu, ko bayan gida zan je da shi nake zuwa. In zan yanka sai in ɗaure ƙarfen in sunkuya in daɗe, kamar ban damu ba, hannuna na hagu a sake yana jira. Bai zo ba. Ya sha jinin jikinsa.

Shugabar makarantar ta zo duba aikinta. Na raka ta bakin mota na ce mata, cikin ladabi, jinkirin ba daga wajen yanka ba ne, akwai masu haɗi da tsufa ya fara kamawa, kuma ta riƙa duba katakon da ake zaɓo mata ko ya bushe. Dogo ne ke zaɓen katako. Ta ce, "Ashe." Na ji daɗin wannan ashe ɗin har cikin ƙashina.

Da na dawo ya ce, "Gajere, na yi maka wani abu ne?" Na ce, "Kai za ka sani." Ya buɗe baki, ya sake kallon wajen nan ta saman kafaɗata, ya rufe. Ko ido ba ya iya haɗawa da ni.

Litinin, 17 ga wata, da rana

Na dawo daga cin abinci na same su bayan tulin katako, shi da ɗana, suna magana ƙasa-ƙasa. Muryar Dogo da zafi. Abin da na tsinta kaɗan ne. Shi ya ce, "ba haka ake yi wa mutum ba," ɗana kuma ya ce wani abu a kan "hannunsa." Suka ji takuna suka yi tsit.

To, yanzu ya shiga tsakanina da ɗana. Dubi wayonsa: ko sau ɗaya bai taɓa cewa in sauka daga inji da bakinsa ba, yaron yake aikowa. Injin bai ishe shi ba, har da ɗan yake so.

Laraba, 19 ga wata, da safe

Ƙwallo ba ta kuɓuce mini yau ba ko kaɗan. Ka zo, Dogo. Don Allah ka zo.

Alhamis, 20 ga wata, kafin magariba

Bai zo ta inda nake jira ba. Na ɗaure ƙarfe, aka ce shugabar makaranta na bakin ƙofa, na je na shigo da ita don ta ga yadda nake yanka da idonta. Ban sake duba komai ba, ni da na ɗaure da hannuna. Na kunna, na tura, na miƙa mata ƙafar tebur ina murmushi. Ta jera ta da ta samfur. Ƙafar ta gaza.

Ban san lokacin da na juya damata ba. Na zazzage duk abin da na tara: injin, kwanciyata a asibiti, kwanon da muka ci tare, cin amana. Maƙwabta suka taru, mai walda da mai faci har sun shigo ciki. Dogo na tsaye da burushi, fenti yana ɗiga a takalminsa. Tsayuwar nan tasa ta ƙara tunzura ni. Sai na ambaci wanda ba a ambata a gaban Dogo, ɗansa da ya rasu. Na faɗi dalilin da ya sa yake maƙale da ɗan wani. Ba zan rubuta yadda na faɗa ba.

Ɗana ya ce, "Baba!" daga haguna. Ban juya ba.

Dogo ya ajiye burushi cikin gwangwani, ya goge hannu, ya shiga tattara kayansa cikin akwati, guduma, filaya, tef, zartonsa na hannu. Ya saɓa a kafaɗa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Na ji, Gajere. Allah ya ƙara maka lafiya. Abu ɗaya, ka riƙa taɓa ƙarfen nan da hannunka kafin ka kunna." Ya sunkuya a ƙofa yadda ya saba, ya fita.

Har da ba ni shawara. Na rama, kuma a gaban mutane, kamar yadda na ce.

Juma'a, 21 ga wata, da yamma

Shago ya yi faɗi. Tun safe nake yanka, ko ɗaya bai gaza ba. Wa zai ƙara cewa idona ne?

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Ko ɗaya bai gaza ba. Ɗana ne ke haɗi yanzu, kuma guduma ta fi samun yatsansa a kan ƙusa. Ba ya cin abinci. Uwar yara ta ce in je in ba Dogo haƙuri, na ce ga takalminta nan, ta san hanya.

Talata, 25 ga wata, da rana

Zarto ya ɗan lashi gefen babban yatsana na hagu. Ba wani abu ba ne, fata ce kawai da bakin hannun riga. Ban ji motsin komai ba, haƙoran wuri ɗaya suke juyawa, ba sa gittawa. Na naɗe da tsumma na ce ƙusa ce. Ɗana na tsaye a haguna, numfashinsa kawai nake ji.

Laraba, 26 ga wata, ban duba lokaci ba

Ban ma shirya ba. Wa zan shirya wa, bayan na kori mai yi? Na ɗaure ƙarfe, na sunkuya kan layin fensir, sai abin ya gitta. Hagu, ƙasa, wurin nan dai. Hannuna ya tafi da kansa yadda na koya masa. Na damƙi wuyan hannun mutum, yatsunsa a kan ƙarfen.

Na san hannun kafin in juya. Akwai tabo a wajen, na ranar da ya faɗo daga keke yana ƙarami, ni na ɗauke shi zuwa kyamis. Na juya kai a hankali har fuskar ta shigo inda nake gani.

Ya ce, "Baba."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Duka?"

"Duka."

Bai yi ƙoƙarin ƙwacewa ba. Ya ce, "Baba, ranar da ka dawo, tsakanin yatsunka da zarto bai kai kaurin fensir ba. Kai ba ka gani ba, ni na gani. Na faɗa maka, ka ce kada in ƙara. Mama ta roƙe ka, ka ƙi. Na je wajen Baba Dogo na ce ya hana ka, ya ce shi ba zai raba ka da injinka ba, wai in an raba ku ba za ka daɗe ba. Sai na ce gara katako ya gaza da hannunka ya gaza. Na zata sau ɗaya ko biyu za ka haƙura. Bayan abin da ya faru na daina, wallahi na daina, sai jiya na ga jini."

Na ce, "Dogo ya sani?"

"Tun ranar farko ya gan ni. Ya yi mini faɗa sosai. Na ce zan faɗa maka, ya ce kada in kuskura. Wai za ka iya zama babu shi, amma..."

Na ce, "Ranar Alhamis da na zage shi, kana tsaye. Kana ji."

Ya ce, "Ina tsaye."

Na saki hannun. Na zare mabuɗi daga jikin inji na fita, na yi karo da gefen ƙofa ta hagu.

Juma'a, 28 ga wata, da la'asar

Na je gidan Dogo, ban faɗa wa kowa ba. Matarsa ta fito ta gaishe ni da irin ladabin da ya fi mari zafi, ta ce ba ya nan. Takalminsa mai ɗigon fenti yana bakin ƙofa, a damata, ina ganinsa har da launin fentin. Na ce ta gaishe shi. Ta ce zai ji.

Asabar, 29 ga wata, da safe

Na tambayi uwar yara ko ita ma ta sani. Ta shiga wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Litinin, ƙarshen wata, da yamma

Tsoron uwar yara shi ne in kori ɗana ko in yi masa baki. Ba zan yi ko ɗaya ba. Ya durƙusa ya ba ni haƙuri har muryarsa ta dishe, na ce ya tashi ya koma wurinsa. Ya ce ina? Na ce inda ya zaɓa. Shi ya ce shi ne idona na hagu, to ya zauna can. A shago hagu, wajen cin abinci hagu, in muna tafiya a titi hagu. In ya yi magana ina amsawa, amma gabana nake kallo. Ya gane. Jiya ya zagayo damata da kofin shayi, na ce ya koma ya miƙo ta inda ya saba.

Injin a kashe yake, mabuɗin yana aljihuna. Ban hau ba, ban ba kowa ba. Shugabar makaranta ta kai aikinta wani wuri.

Bencin Dogo na nan a damata, inda idona ya fi kyau. Ina ganin komai: zoben da kofinsa ya bari a jikin katako, ƙusar da yake rataye hula, gam ɗin da ya bushe a gefe. Duk inda na kai ido a shagon nan sai ya dawo kansa.

Ɗazu na ji motsi a haguna, sama-sama, daidai inda fuskar mutum take in yana tsaye. Ya hau ya sauka, ya sake hawa. Ko ƙuda yake kora, ko hannun riga yake kaiwa ido. Wannan hanyar ba ta kawo fuska.

Ban juya ba.